Karatun fim a jami'o'in baƙaƙen fata na Amurka: me ɗalibi ke samu, me yake bari?

A Amurka akwai manyan makarantu kusan ɗari da ake kira HBCU a taƙaice, wato kwalejoji da jami'o'in da aka kafa tun asali domin baƙaƙen fata. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965 ce ta shata musu iyaka: duk makarantar da aka kafa kafin 1964 da niyyar ilimantar da baƙaƙen Amurka. Cheyney da ke jihar Fensilbaniya ta fara a 1837, Lincoln ta biyo baya a 1854, amma mafi yawansu sun taso ne bayan yaƙin basasar da ya ƙare a 1865, lokacin da bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu suka tarar ƙofofin jami'o'in Turawa a garƙame. Afirka ma ta sha daga wannan ruwa, domin a Lincoln Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi digirinsu. A yau ba a hana kowa shiga, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗalibansu ba baƙaƙen fata ba ne. Tun bayan da Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, masu neman gurbi a manyan cikinsu sai ƙaruwa suke yi.

To, matashin da zuciyarsa ke kan fim, wanda kuma yake son zama a cikin jama'ar da ba zai zama bare a cikinta ba, ya zai zaɓa? Matsalar ita ce abubuwan nan biyu ba kullum suke zama a gida ɗaya ba. Makarantar da ta fi armashin biki ba lalle ta kasance tana da ɗakin haɗa hoto na kirki ba, wadda kuma take da gogaggen malamin kyamara tana iya kasancewa a garin da ba a ɗaukar fim ko ɗaya. Ni a ganina, yawancin masu zaɓe suna yin kuskure ne saboda sunan makaranta da hotunan bikinta suke kallo, alhali abin da ya kamata a tona shi ne wane ne ke koyarwa, me yake koyarwa, kuma a wane gari.

A fara da maganar kuɗi, don kada a yaudari kai. Makarantun fim da suka yi suna a Amurka, irin su USC da UCLA a Los Anjalis da NYU a Niyu Yok, ba HBCU ba ne, kuma tazarar dukiya tsakaninsu da waɗannan ba ƙarama ba ce. A 2006 George Lucas, mai fim ɗin Star Wars, shi kaɗai ya ba tsangayar fim ta USC dala miliyan 175. Kwatanta da kyautar da attajira MacKenzie Scott ta ba jami'ar Howard, ɗaya daga cikin manyan HBCU, a 2020, dala miliyan 40, wadda a lokacin aka ce ita ce mafi girma da mutum ɗaya ya taɓa ba jami'ar, kuma ta jami'a ce baki ɗaya, ba ta sashen fim ba. Na gwamnati kuwa, a 2023 ministocin ilimi da na noma na Amurka sun rubuta wa gwamnonin jihohi 16 cewa a cikin shekara talatin da wani abu an tauye wa jami'o'in baƙaƙen fata na jihohinsu fiye da dala biliyan 12 da ya kamata su samu. Fim karatu ne mai cin kuɗi: kyamara, ruwan tabarau, fitilu, na'urar ɗaukar sauti, kwamfutocin haɗa hoto. Inda kuɗi ya yi ƙaranci, ɗalibai da yawa kan yi layi a kan kaya kaɗan. Wanda burinsa shi ne ya taɓa sabuwar kyamarar da Holiwud ke yayi tun daga ajin farko, gara ya san da haka tun yana gida.

Duk da haka, daga Howard aka samu jerin masu ɗaukar hoto da suka sauya yadda ake ganin baƙar fuska a sinima. Nan ne ya kamata a daɗe, don shi ya nuna ainihin abin da waɗannan makarantu ke sayarwa.

Howard tana birnin Washintan, an kafa ta a 1867, kuma tana da gata da sauran ba su da shi, domin majalisar dokokin Amurka na ware mata kuɗi kowace shekara. Ta buɗe tsangayar sadarwa a 1971, tana da gidan rediyonta WHUR da gidan talabijin WHUT, kuma ita ce aka sani a cikin HBCU da digiri na biyu a kan shirya fim. Amma abin da ya gina sunanta mutum ne. A 1975 Haile Gerima, ɗan Habasha haifaffen Gondar wanda ya yi karatu a UCLA, ya zo Howard koyarwa, ya kuma shafe shekaru da dama a nan. Lokacin da ya yi fim ɗinsa Sankofa a 1993, a kan cinikin bayi, wanda ya ɗauki wani sashe nasa a gaɓar tekun Ghana, kamfanonin rarraba fina-finai na Amurka suka juya masa baya. Sai ya ɗauki abinsa yana bi gari-gari, yana hayar sinima, baƙaƙen fata na cika ta maƙil. Daga baya shi da matarsa suka buɗe kantin littattafai da fina-finai mai wannan suna a kan titin Jojiya, daura da jami'ar, inda ɗalibi zai fito daga aji ya tsallaka titi ya ci gaba da muhawarar a kan kofin shayi.

Me ake koya a irin wannan aji? Ɗauki misalin haske. Shekara da shekaru kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da hoton farar mace, don haka kayan aikin kansu an ƙera su ne da farar fata a zuciya. Mai ɗaukar hoton da bai yi tunani ba, in ya ga baƙar fuska sai ya ƙara fitila, ya ƙara, har fuskar ta yi toka-toka, goshi na ƙyalli, zurfin launin ya gudu. Bradford Young, ɗalibin Gerima, ya yi suna da akasin haka: ya rage wuta, ya bar duhu ya yi aikinsa, ya bar fatar ta ɗauko haske daga tufafi da bango da taga. Wanda ya kalli Mother of George na 2013, fim ɗin darakta ɗan Nijeriya Andrew Dosunmu a kan wasu ma'aurata 'yan Nijeriya a Niyu Yok, ya ga yadda shuɗi da ruwan zinare na kayan biki ke sauka a kan kumatun amarya ba tare da an wanke fuskar da fitila ba. Young ne ya ɗauki hoton wannan fim, shi ne kuma ya ɗauki Selma na 2014, sannan aikinsa a Arrival ya sa ya zama baƙar fatar Amurka na farko da aka sa a takarar Oscar a fannin ɗaukar hoto. Kafinsa akwai Ernest Dickerson, wanda zanen gine-gine ya karanta a Howard kafin ya zama idon darakta Spike Lee a fina-finansa na farko, da Arthur Jafa, da Malik Sayeed. Irin wannan ido ba a sayensa a kanti tare da kyamara. Malami ne ke dasa shi, a cikin ajin da ba sai ka fara bayanin dalilin da ya sa labarin kakarka ya cancanci fim ba.

Sai dai malami ba gini ba ne. Yana tsufa, yana yin ritaya, yana komawa wata makaranta. Ɗalibin da zai biya kuɗi a bana saboda sunan da wani ya gina shekara arba'in da suka wuce, wajibi ne ya bincika su wane ne ke riƙe da alli yanzu, fim nawa suka yi, yaushe rabonsu da lokeshan. Haka kuma kada a rikita tsangayoyi biyu. Chadwick Boseman, wanda ya gama a 2000, da Taraji Henson, ɓangaren wasan kwaikwayo suka yi, a tsangayar fasaha da aka sa wa sunan Boseman a 2021. Mai son riƙe kyamara tsangayar sadarwa zai nufa. Kuma Washintan gari ne na gwamnati da labarai da fina-finan bincike, ba garin manyan kamfanonin fim ba ne. Jami'ar ta san da wannan giɓi, shi ya sa ta ƙulla shiri da kamfanin Amazon wanda ke kai wasu ɗalibai Los Anjalis su yi karatu haɗe da sanin makamar aiki. Wasu, ba duka ba.

Atlanta kuwa lissafinta daban ne. A can makarantu ne maƙwabtan juna a unguwa ɗaya: Morehouse ta maza zalla, wadda aka kafa a 1867, Spelman ta mata zalla, 1881, da Clark Atlanta, wadda ta samu a 1988 bayan haɗe tsofaffin makarantu biyu. Suna da ɗakin karatu guda, kuma ɗalibin ɗaya yana iya yin rajistar kwas a ɗaya. Wannan tsari shi ya haifi Spike Lee. A Morehouse yake, ya gama a 1979, amma darussan fim a Clark ya ɗauke su, sannan ya wuce NYU ya yi digiri na biyu. A yau kowace tana da inda ta fi ƙarfi. Shirin Morehouse ya fi karkata ga rubutun labari da nazarin fim, Spelman ta buɗe digiri a kan fina-finan gaskiya na bincike, Clark Atlanta kuma tana da daɗaɗɗen sashen aikin jarida, rediyo, talabijin da fim, inda Kenya Barris mai shirin Black-ish ya fito. Yarinyar da ke son ɗaukar rayuwar mutane yadda take, da saurayin da ke son rubuta labarin barkwanci na talabijin, ba ƙofa ɗaya za su ƙwanƙwasa ba, ko da yake za su iya haɗuwa a aji ɗaya ranar Talata.

Abin da ya ƙara wa Atlanta daraja shi ne garin. A 2008 jihar Jojiya ta yi wa masu shirya fim rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari, da ƙarin kashi 10 in sun sa tambarin jihar a ƙarshen fim. Kamfanoni suka yi ta kwarara. A can aka ɗauki mafi yawan Black Panther, a can Tyler Perry ya buɗe katafaren filin shirya fim mai faɗin eka 330 a tsohon barikin soja a 2019. Ga ɗalibi, ma'anar wannan ita ce yana iya samun aikin ɗan aike a lokeshan lokacin hutu, ya riƙe waya, ya tsare hanya, ya ga yadda mutum ɗari ke aiki a kan minti biyu na fim. A nan ake sanin mutane, kuma a wannan sana'a sanin mutane rabin jari ne. Amma kasuwa ce mai hawa da sauka. Bayan yajin aikin marubuta da 'yan wasa na 2023 ayyuka sun ja baya a Jojiya, wasu manyan fina-finai sun koma Ingila inda suka ga sauƙi. Garin da rangwamen haraji ya gina, rangwamen wani gari na iya kwashe masa baƙi.

Sauran a taƙaice: Dillard a Niyu Olins tana da shirin fim a jihar da ita ma ta daɗe tana jan kamfanoni da rangwame, Morgan State a Baltimo tana koyar da rubutun fim da zanen katun, Hampton a Bajiniya ta fi suna a aikin jarida, amma daga can Ruth Carter ta fito, mai tsara tufafin da ta ci Oscar sau biyu.

Yanzu batun rayuwar makaranta, wanda iyaye kan ɗauka wasa ne. Ga mai karatun fim ba wasa ba ne, kuma labarin furodusa Will Packer ya isa hujja. Shi injiniyan lantarki ya karanta a jami'ar FAMU ta Filorida, abokinsa Rob Hardy ma injiniya. Suna ɗalibai suka haɗa fim ɗinsu na farko, Chocolate City, a 1994, da 'yan makarantarsu a gaban kyamara da bayanta. Daga nan suka kafa kamfani, kuma fim ɗin da ya fito da su sarari a 2007, Stomp the Yard, a kan rayuwar irin waɗannan makarantu ne. Ba su da sashen fim na a zo a gani, amma suna da labari, da 'yan wasa, da 'yan kallo, duk a harabar makaranta ɗaya.

Harabar kuwa tana da abin kallo. A Howard akwai filin da ke tsakiyar makaranta, gaban tsohon ɗakin karatu mai hasumiyar agogo, inda ranar Juma'a da rana ɗalibai ke fitowa cikin ado, kiɗa na tashi, 'yan ƙungiyoyi na taka rawar buga ƙafa da tafi a jere, kowace ƙungiya da launinta da itacen da ta yi wa fenti. A Spelman akwai kasuwar Juma'a, a Morehouse taron Laraba. A makarantun kudu 'yan badujala su ne taurari, har wasu kan je kallon ƙwallo ne don hutun rabin lokaci kawai, su ga ɗaruruwan masu ganga da ƙaho suna rawa suna sauya sahu. Sai babban bikin shekara na dawowar tsofaffin ɗalibai, a kaka, mako guda cur. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne hawan sallah: gari ya cika, na nesa su dawo, kowa ya fito da mafi kyawun kayansa, a ga juna. Na jami'ar A&T ta Karolina ta Arewa, wadda ta fi kowace HBCU yawan ɗalibai, masu shi suna kiransa mafi girma a duniya. Wannan al'ada Beyoncé ta ɗauka ta kai dandalin bikin kiɗa na Coachella a 2018. A irin wannan mako ne ɗalibin aji biyu kan tsinci kansa tsaye kusa da furodusan da ya gama makarantar shekara ashirin baya, kuma ya amsa masa gaisuwa don kawai makarantarsu ɗaya.

Ƙungiyoyin 'yan'uwantakar nan guda tara ne manya, biyar daga ciki a Howard aka kafa su tsakanin 1908 da 1920, kuma Azikiwe da Nkrumah duk 'yan ɗaya daga cikinsu ne, Phi Beta Sigma. Kada mai karatu ya haɗa su da ƙungiyoyin asiri na jami'o'inmu. Waɗannan a fili suke, da rajista, da ayyukan taimakon al'umma, kuma zumuncinsu har tsufa. Sai dai suna da tabonsu, wato azabtar da sabon shiga, abin da doka ta hana amma bai mutu ba. Ya taɓa 'yan badujala ma: a 2011 wani jagoran badujalar FAMU ya rasa ransa sakamakon dukan da abokansa suka yi masa da sunan al'ada, aka dakatar da ƙungiyar, aka kai mutane kotu.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa a hotunan talla. A 2021 ɗaliban Howard sun mamaye ginin Blackburn, cibiyar ɗalibai ta jami'ar, har kwana 34 suna kwana a tantuna, saboda ƙarancin ɗakunan kwana da rima da ta kama wasu ɗakunan. Kwalejin Morris Brown ta Atlanta ta rasa amincewar hukumar tantance makarantu a 2002 saboda matsalar kuɗi, ɗalibai suka watse, ba ta dawo da ita ba sai 2022. Don haka duba takardar tantancewa ba ƙaramin abu ba ne, musamman a ƙananan makarantu. Sannan kada a zaci cewa zama cikin 'yan'uwa yana nufin za a bar ka ka faɗi duk abin da ka ga dama. Da Spike Lee ya koma Atlanta ɗaukar School Daze, wanda ya fito a 1988 yana tona wariyar da ke tsakanin masu hasken fata da masu duhu a cikin baƙaƙen kansu, hukumomin makarantarsa suka sallame shi daga harabar ana tsakiyar aiki, sai a Morris Brown ya ƙarasa. Makarantar da ta raine ka tana iya zama ta farko da za ta ji zafin kyamararka.

Gaskiya kuma ita ce HBCU ba ita kaɗai ce hanya ba. A cikin manyan daraktoci baƙaƙen fata, Ryan Coogler USC ya yi, Barry Jenkins jami'ar jihar Filorida, Ava DuVernay ko makarantar fim ba ta shiga ba. Abin da ya fi yawa a tarihin waɗanda muka ambata shi ne raba tafiyar gida biyu: digiri na farko a HBCU, inda mutum zai san kansa da tarihinsa ya tara abokan aiki, na biyu a babbar makarantar fim, inda kaya da ƙofofin masana'anta suke. Lee da Dickerson haka suka yi, kuma a NYU suka haɗu. Ga mai hali, wannan ce shawarar da na fi natsuwa da ita.

Ɗalibin da zai taso daga Afirka yana da nasa ƙarin lissafi. Kuɗin karatu kaɗai a Howard ya haura dala dubu 30 a shekara, ban da ɗaki da abinci. Na USC ya haura dubu 60. Jami'o'in jihohi sun fi sauƙi, amma baƙo yana biyan farashin wanda ba ɗan jiha ba, kuma tallafin gwamnatin tarayya da yawancin 'yan ajinsa ke dogaro da shi ba ya shafarsa. Bizar ɗalibi ta yarda da aikin awa 20 a mako a cikin makaranta, aikin waje sai da izini, abin da ke nufin aikin lokeshan na Atlanta ba zai zo masa da sauƙin da zai zo wa ɗan ƙasa ba. Bayan kammalawa shekara ɗaya ake ba shi ya yi aiki, ƙarin shekara biyun da ake ba masu kimiyya da fasaha galibi ba ya kaiwa ga masu fim. Tun daga 2025 kuma gwamnatin Amurka ta tsaurara shiga ga 'yan ƙasashen Afirka da dama, don haka halin da biza ke ciki shi ne abin dubawa na farko, kafin a biya ko kuɗin fom.

Zai kuma tarar cewa launi ɗaya ba tarihi ɗaya ba ne. Jikan bayin Alabama da ɗan Kano ko Damagaram suna iya zama a benci ɗaya, amma abin da ke sa ɗaya kuka a fim ɗaya sai an yi wa ɗayan bayani. Da yawa daga makarantun coci-coci ne suka kafa su, Morehouse da Spelman na 'yan Baftis ne tun asali, kuma ana jin haka a bukukuwansu. Musulmi zai samu masallatai da jama'a a Washintan da Atlanta, har a unguwar West End da ke maƙwabtaka da makarantun uku. A ƙaramin gari na kudu sai ya yi tambaya tukuna. Kafin ya cike fom, ya nemi fina-finan kammalawa na ɗaliban bara ya kalla, ya rubuta wa sashen ya tambayi a wane aji ake fara ba ɗalibi kyamara ya fita da ita, mutum nawa ke rabon guda ɗaya, da kuma wanda ke biyan kuɗin fim ɗin ƙarshe, makaranta ko aljihun ɗalibi.